Gargaɗi Ga Jama'ar Ƙasar Ruma: A Daina Zuba Wa Ruwa Guba, A Bar Kifi Ya Hayayyafa

Wannan kira ne na gaggawa ga jama'ar ƙasar Ruma, tun daga Batsari har Safana, da maƙwabtanmu na Jibiya da Kurfi da Dutsin-Ma: masunta, da manoman rani, da makiyaya, da iyayenmu mata masu suyar kifi, da duk magidancin da ke tsayawa bakin kasuwa ya sayi kifi ya kai gida. Bazara ta kankama. Ruwa ya ja baya, gulabe sun yanyanke, kifi ya tattaru a 'yan gurabe masu zurfi da sauran kududdufai. Nan da 'yan makonni ruwan farko zai sauka, kifin da ya tsira ya fara haurowa neman wurin zuba ƙwai. Daga yanzu zuwa kaka ne za a san ko baɗi akwai kifi a Zobe da Jibiya da ƙananan madatsun ƙauyukanmu, ko babu. Kuma a cikin waɗannan watanni ne ake tafka ɓarnar da ta fi kowace: ana zuba wa ruwa maganin ƙwari, ana tace shi da gidan sauro, ana tare kifi mai ƙwai a bakin rafi a kwashe.

Bari in fara da guba, domin ita ba ta tsaya kan kifi ba, har rayukan mutane take nema.

Tun da can akwai masu daka ganyen magimfa ko ɓawon aduwa su watsa a gurbi, kifi ya bugu ya taso. Wannan ma ɓarna ce, amma ƙarfin magimfa yakan karye cikin 'yan kwanaki idan rana ta bugi ruwan. Abin da ya zo daga baya ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Gamalin, wanda sunansa ya game bakin kowane gulbi a Nijeriya, an kawo shi ne don kashe ƙwarin koko a kudu maso yamma, sai ya zame ya faɗa hannun masu neman kifin sauƙi. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana daga cikin waɗanda yarjejeniyar Sitokholm ta sa a jerin haramtattu a 2009, kuma a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam kansa. Ba ya saurin ɓacewa. Yana kwanciya a laka, ya shiga jikin ƙwarin ruwa, daga nan zuwa ƙaramin kifi, daga ƙarami zuwa babba, yana taruwa a kitse. Wanda ya ci, a kitsen jikinsa zai zauna, mai shayarwa kuma ta ba jaririnta a nono. Suya ba ta kawar da shi duka, banda ma haka, yaji da daddawa sai dai su danne warinsa. Yanzu da gamalin ya yi wuyar samu, kwalbar maganin feshi da aka sayo don wake ko tumatir ita ke maye gurbinsa, kuma da yawa daga cikin magungunan nan ɗan kaɗan ya isa ya hallaka kifin gurbi guda.

Mai zuba guba abin da ya taso kawai yake gani. Abin da ya nitse ya ruɓe a ƙasa ba ya cikin lissafinsa: ƙwai, da 'ya'yan kifi, da kwaɗi, da ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci. Gurbin bazara kuwa a cikinsa irin gulbi yake. Kifin da ya jure zafin Maris da Afrilu a nan, shi ne zai haifi na baɗi. Wanda ya kashe shi daidai yake da manomin da ya buɗe rumbu ana gobe shuka, ya dake irinsa ya yi tuwo.

Sannan wa ke shan ruwan nan? A bazara gurbin da kifi ya fake a ciki shi ne mashayar shanu da tumaki, shi ne wurin wankan yara, a wasu ƙauyukan ma shi ake ɗebowa a zuba a randa. Ina roƙon kowa ya tsaya ya yi tunani a kan wannan, domin mu mutanen gefen dajin Rugu mun san abin da ƙaramar husuma tsakanin manomi da makiyayi kan zama. Shekaru muna binne 'yan uwa, ƙauyuka sun tashi, gonaki sun koma saura. A ƙasar da ke cikin wannan hali, idan garke ya sha ruwa da hantsi ya zube da la'asar, ba wanda zai tsaya binciken ko kifi aka nufa. Kwalba ɗaya na iya kunna wutar da sarakuna da malamai za su shekara suna fama da kashewa.

Ga abin da ya kamata kowane gida ya sani. Idan mutum ya ci kifi ko ya sha ruwan gurbi, jim kaɗan ya fara jiri da amai da gudawa, ko miyau na dalala, gumi na keto masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi na yi masa wuya, ko jikinsa ya kama karkarwa da jijjiga, to a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, kada a zauna jiran a ga abin da hali zai yi. Kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Irin wannan guba a maiƙo take narkewa, kuma maiƙon na iya ƙara mata saurin shiga jini. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wanda ya fita hayyacinsa kada a ba shi komai ta baki, a kwantar da shi ta gefe ɗaya. A tafi da ragowar abincin, da kwalbar maganin in an same ta, don likita ya san da me yake yaƙi. Sauran waɗanda suka ci tare su ma a sa musu ido, musamman yara da masu juna biyu.

Masu saye da masu suya, ƙarfin da ke hannunku ya fi na kowa, don ba wanda zai zuba guba in ya san ba mai saye. Ido ba ya iya gane kifin guba kowane lokaci, amma akwai abin lura. Koma tana zaɓe, ƙugiya tana zaɓe, guba ba ta zaɓe. Idan aka kawo ƙwarya cike da kifi iri-iri, manya da 'yan mitsi-mitsi a cakuɗe, duk matattu, har da tarwaɗa wadda kowa ya san takan yi sa'o'i a tudu ba ta mutu ba, to a yi tambaya. Idan jikin kifi ya saki da wuri, cikinsa ya kumbura, yana warin magani, ga mai shi na neman rabuwa da shi da araha, a bar masa kayansa. Haka nan kifin da aka tsinta matacce yana yawo a saman ruwa. Wani lokaci ba guba ba ce: ruwan farko kan kwaso dattin tudu da kashin dabbobi ya zuba a tafki, iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ta ƙare, a wayi gari kifi na haki a sama. Amma mai tsinta ba shi da hanyar bambancewa, saboda haka kada a ci, kada a kai kasuwa.

Akwai kuma gubar da ke shiga kifi bayan ya bar ruwa. Wasu masu ajiye banda kan yayyafa mata Sniper ko fiya-fiya don hana ƙwaro da tsutsa. Maganin nan ba a yi shi don abinci ba, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Bandar da ta bushe ƙayau, ake mayar da ita kan hayaƙi lokaci-lokaci, aka adana ta a rufaffen mazubi, ba ta bukatar magani. Ku kuma manoman rani na bakin dam, da yawanku ba ku nufi kifi da sharri ba, amma wanke famfon feshi a bakin ruwa, da jefa kwalaben da suka ƙare a cikinsa, da yin feshi dab da gaɓa iska na kaɗawa, duk ƙarshensu a cikin kifin da 'ya'yanku za su ci. A wanke famfo can nesa a kan tudu, a huda kwalbar a binne.

Yanzu ga maganar damina. Duk masunci ya san daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, tarwaɗa kan bar zurfi ta bi sabon ruwa, ta haura rafuka ta shiga ciyawar da ruwa ya rufe. Zuba ƙwai ya kai ta, kuma uwa guda mai girma na ɗauke da dubun dubata. Ƙwan kan manne a ciyawa ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, 'ya'yan su tashi a ruwan da bai kai gwiwa ba, inda abinci ke da yawa kuma manyan kifaye ba sa iya kutsawa. Tarwaɗa ba ta renon 'ya'yanta. Yawansu da wannan ciyawa su ne kaɗai kariyarsu. A wannan daren ne kuma take zama abar tausayi, don ko yaro da sanda yana iya kashe ta. Idan aka datse bakin rafi da shinge da gura aka kwashe masu haurowa, an kwashe na bana da na baɗi a dare guda.

Karfasa kuwa hanyarta daban ce. A cikin irin da aka fi sani, namiji kan share yashi a ruwa marar zurfi ya haƙa ɗan rami kewayayye. Mace ta zo ta zuba ƙwai, ta kwashe su a bakinta, ta riƙe kusan mako biyu ba ta cin abinci har su ƙyanƙyashe. Ko bayan ta sake su, in suka ga haɗari bakinta suke komawa. Ƙwanta daga 'yan ɗaruruwa ne zuwa dubu ɗaya ko biyu. Duk wanda ya taɓa cire karfasa daga koma ya ga tana tofar da ƙwai daga bakinta ya san abin da nake nufi. Tarun da ake ja a bakin gaɓa yana shafe ramukan ya tattaro iyayen. Bargi shi sheƙa yake ginawa a cikin ciyawa, mai faɗin kusan mita guda, ya tsaya yana gadi. Yauni ma haka, kuma ƙwansa kaɗan ne. Irin waɗannan su ke fara ɓacewa daga ruwa, domin wanda ya ga sheƙa ya ga mai ita. Abin da ya haɗa su duka shi ne, haihuwar kifi a gefe take, a ruwan da kowa ke iya takawa da ƙafa, ba a tsakiyar dam ba.

Nan ne gidan sauro ya shigo. An raba shi kyauta don a kare yara da masu juna biyu daga zazzaɓin cizon sauro, cutar da har yau babu ƙasar da take kashe wa mutane kamar Nijeriya. Idan aka ɗinke biyu ko uku aka shiga ruwa da su, idonsu ba ya barin komai ya wuce, ko ɗan kifin da bai kai tsawon farce ba. Ga kuma maganin sauron da ke jikin zaren, wanda shi ma guba ne ga kifi. Abin ba a ƙasarmu kaɗai yake ba: wani bincike da aka buga a 2014 a kan ƙauyukan bakin tafkin Tanganyika a Tanzaniya ya gano fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidajen da aka tambaya sun yi su da gidan sauro. Na san za a ce ai akwai ƙananan kifayen da ba sa girma ko an bar su. Gaskiya ne, akwai su. Amma gidan sauro bai san su ba. Mudun 'yan kifin da ake soyawa a ƙulla a leda, a baza shi a faifai a duba, za a ga 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa da na kurungu, waɗanda da an ba su watanni da kowannensu ya cika hannu. A daren kuma yaron da aka ba gidan sauron don shi yana kwance a buɗe.

Ba da ka nake wannan magana ba. An yi fiye da shekara hamsin ana auna ta a manyan tafkunanmu. Da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968, aka sami tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270, sai aka kafa aikin bincike a gefensa, wanda daga baya ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa. Aikin masu binciken ba shi da wuyar ganewa, naci kawai yake so. Su yi sammako zuwa mashigi, su ƙirga jirage da komaye, su auna nauyin kamun kowane jirgi, su gwada tsawon kifi, su tsaga ciki su ga a wane tsawo yake fara ƙwai, su duba zoben da ke ɓawon jikinsa ko ƙashinsa su san shekarunsa. Wata bayan wata, shekara bayan shekara, har rajista ta fara faɗin abin da idon mutum ɗaya ba zai gani ba.

Farkon cikar tafkin kifi ya yi ambaliya, don ruwa ya haɗiye daji da gonaki, abinci ya wadata. A 1971 kamun shekara ya haura tan 28,000, masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na faɗuwar halin kowane sabon dam ne idan ruɓaɓɓen dajin da ke ciyar da shi ya ƙare; ɗaya ɓangaren kuwa yawan komaye ne da ƙanƙancewar idanunsu. A shekarun 1990 wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya sake bin tafkin mashigi-mashigi, ya nuna cewa babban tarun nan da ake ja daga gaɓa, wanda a can ake kira dala, ana shiga da shi ne da sunan ƙananan kifaye, amma yana kwaso 'ya'yan manyan kifaye masu daraja tun ba su kai ko'ina ba. Jihohin Neja da Kebbi suka haramta shi. Abin da nake so masu mulkinmu su lura da shi: hanin bai fara aiki ba sai da aka sa sarakuna da shugabannin masunta a gaba.

Labarin tafkin Chadi ya fi kusa da halin da muke ciki a bazarar nan. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Koma ta zaren nailan ta shigo, masunta suka ƙaru, Hausawa da yawa a cikinsu, motocin banda na tashi daga Baga zuwa kudu. Masu bincike 'yan Faransa da ke aiki daga Injamena sun bi diddigin wani kifi dangin kawara da ke haura kogunan Shari da Logon don zuba ƙwai, suka ga kamun kowace koma na raguwa, idon koma na ƙara tsukewa, tun kafin fari ya zo. Sai farin 1972 zuwa 1973 ya faɗo. Tafki ya rabu biyu, zuwa 1975 ɓangaren arewa ya ƙafe. A daidai wannan lokacin kamu ya yi tashin gwauron zabo, saboda kifi ya matsu a ɗan ruwan da ya rage, kowa ya jefa koma sai ya cika jirgi. Bayan haka giwan ruwa da tsage da kawara suka yi ƙaranci, aka bar tarwaɗa da karfasa da sauran masu jure fadama. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 tafkin bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da ba. Masuncin da ke murna da cikar ƙwaryarsa a watan Afrilu ya tuna da wannan: yawan kamu lokacin da ruwa ya janye matsuwar kifi ce, kuma wanda ake kwasa shi ne na ƙarshe.

To, a gwada waɗannan ruwaye da namu. Kainji na riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 15. Zobe, da aka kammala a kan Karaduwa a 1983, tana riƙe kusan miliyan 177. Jibiya, a kan gulbin Gada, kusan miliyan 142. Ke nan Kainji ya ninka Zobe fiye da sau tamanin, ga shi kuma Kwara na gudu rani da damina tana kawo masa kifi daga sama. Namu gulaben damina ne, da rani yashi ne. Idan muka kashe irin da ke ciki, babu babban kogin da zai aiko mana da wani. Ga yashi da laka da ruwa ke kwasowa daga tudun da aka sare wa itatuwa yana cike madatsun a hankali. Abin da ya girgiza Kainji da Chadi cikin shekaru, a namu damina biyu ko uku sun ishe shi. Kuma ruwan ba namu kaɗai ba ne. Gada na tsallakawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya kewayo ya haɗu da Rima. Na Karaduwa na bi ta Bunsuru ya shiga ƙasar Zamfara. Abin da aka zuba a nan, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba za su sha.

'Yan uwa masunta, ba sai kun jira mai bincike ba, kuna iya auna ruwanku da kanku. Ku tambayi dattawanku, komar da suka fara su da ita yatsa nawa ke shiga idonta, ta yau kuma yatsa nawa? Sa'a nawa suke yi a ruwa su cika gora, ku sa'a nawa kuke yi? Waɗanne kifaye suka saba gani da ku ba ku gani? In kun tsaga 'yar karfasar da ba ta wuce tsawon yatsa ba kuka tarar da ƙwai a cikinta, kada ku ɗauka albarka ce. Karfasa kan fara haihuwa tana ƙarama idan ruwa ya ƙuntata ko an kwashe manya, kuma daga nan sai dam ya cika da tsumburarrun da ba su da nama ba su da kuɗi. Duk binciken da aka yi a Kainji da Chadi abin da ya tsayar shi ne a bar kifi ya haihu ko sau ɗaya kafin a kama shi.

Doka ma abin da ta ce ke nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta su da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ta hana komar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da kayan kama wasu ƙananan kifaye da ta keɓe. Ta kuma ba jihohi ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci. Hutar da ruwa kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Kabawa sun daɗe suna yi. Matan Fada a Argungu a rufe yake, Sarkin Ruwa na tsaronsa, sai ranar da aka buɗe. Bikin kamun kifin da ake yi a can ya faro tun 1934, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya, kuma kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Kifi ba ya kai haka a ruwan da ake tacewa kullum.

Ban manta da halin da mutanenmu ke ciki ba. Wanda aka kora daga gonarsa, aka kwashe masa shanu, yake zaune a gidan aro da 'ya'ya bakwai, ba a ce masa ya zauna da yunwa don kifin baɗi. Ba wanda ya ce a daina su. A yi shi da fatsa, da mamari, da birgi, da koma mai manyan idanu, a ruwa mai zurfi. Ƙaramin da ya faɗo da ransa a mayar. Kuma shi wannan talakan shi ne zai fi kowa shan wuya ranar da dam ya mutu, don mai hali zai sayi kifin ƙanƙara, shi kuwa miyarsa ce za ta koma lami. Mai son kiwon tarwaɗa a tanki ko a rami ya nemi shawarar masana, hanya ce mai kyau. Sai dai kada kowa ya ɗauko kifi daga wani ruwa ya saki a dam da ra'ayin kansa. Giwan ruwan nan namu da aka kai tafkin Biktoriya a shekarun 1950, da ya yi ƙarfi a shekarun 1980, kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin suka ɓace.

Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Sarkin Ruman Katsina Hakimin Batsari, da Yariman Katsina Hakimin Safana, da dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa, ranku ya daɗe, maganar nan a hannunku take. Ku tara masunta kafin ruwa ya sauka, a yi yarjejeniya a bainar jama'a: bakunan rafuka da ciyawar gefen dam su huta daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, gidan sauro ya fita daga ruwa, mai zuba guba a miƙa shi ga hukuma ko ɗan wane ne. Malamanmu, ku sa ta a huɗubar Juma'a, don guba a ruwan da mutane da dabbobi ke sha cutar da bayin Allah ce, kuma sayar da kifinta ha'inci ne. Masu shagunan maganin gona, in wanda kuka san ba shi da ko kunya ɗaya ta shuka ya zo neman kwalba ana tsakiyar bazara, ku tambaye shi me zai fesa. Ƙananan hukumomi, da ma'aikatar gona ta jiha, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsun nan, ku tura ma'aikata bakin ruwa, a yi wa masunta rajista, a taimaka musu su canza komaye, don ba a karɓe wa mutum kayan neman abincinsa a bar shi hannu rabbana. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Zobe kuma tana koyar da ilmin kifi. Ta ɗauki nauyin rajistar kamu irin ta Kainji, wata-wata, ta kuma riƙa faɗa wa masunta sakamakon da Hausa.

Kai kuma da ke karanta wannan, in ka ga kifi ya taso matacce a gurbi, ko ka ji warin magani a bakin ruwa, kada ka yi shiru. Ka fara tsayar da masu ɗibar ruwa da yara da makiyaya, a kafa alama a wurin, sannan ka sanar da mai unguwa ko dagaci a ranar, kafin kifin ya isa kasuwa.